Inda Take Jan Numfashi

Na daɗe ina riƙe da ra'ayin cewa waƙar da za a miƙa wa Allah dole ne ta zama daidai. Ban ɗauki wannan a matsayin son ƙawa ba. A wurina magana ce ta ladabi. Idan mutum ba zai kai wa babba abinci a kwanon da ba a wanke ba, to bai kamata jama'a ta tsaya gaban Mahaliccinta tana jan murya a karkace ba, wannan ya yi gaba, wancan yana baya. Da wannan ra'ayi na yi shekaru ina jagorantar waƙa a ƙaramar majami'armu ta Zangon Kwatano, kuma da shi nake a shekarar da aka rufe iyakar Malanbil, wadda ke tsakaninmu da Nijar.

Majami'ar ɗaki ne guda a saman wani magaza, wato babban ɗakin ajiya, da ake tara albasa. Ana hawa ta wata matakalar siminti da ke gefen ginin, mai ƙunci, wadda mutum biyu ba sa jerawa a kanta. Lokacin zafi warin albasa yakan hauro ya zauna tare da mu har ƙarshen sujada, kuma wanda ya saba ba ya jin sa sai ya koma gida an gaya masa. Mai ginin wani Alhaji ne, ɗan asalin unguwar, wanda kakansa ya zo da fataucin goro tun Kwatano ba ta kai haka ba. Sharaɗi biyu gidansu ya gindaya wa iyayenmu da baki: kada a ɗaura lasifika, kuma a tashi kafin kiran azahar. Har yau a kansu muke. Yana kiranmu masu Lahadi, kuma idan ruwan sama ya hana mu cika, washegari sai ya tare Baba Fasto ya ce, "Jiya ban ji ku sosai ba. Ko imanin ne ya ragu?"

Mazauna gari a cikinmu ba su da yawa: teloli, masu gadi, mata masu sayar da abinci, wata ma'aikaciyar asibiti. Sauran duk masu wucewa ne. Akwai direbobin manyan motoci da ke jiran a sallami kayansu daga tashar jiragen ruwa, da masu zuwa sayen motoci, da waɗanda suka kawo mara lafiya. Daga Nijar suke zuwa, daga arewacin Najeriya, daga arewacin ƙasarmu, wani lokaci har daga Kamaru. Abin da ya haɗa su shi ne Kiristoci ne, kuma da Hausa suke addu'a. A kowace Lahadi kusan rabin fuskokin da nake gani daga kujerar piyano ban san su ba.

Ni a Zango aka haife ni. Mahaifina mai gadi ne da ya zo daga wajen Dogondutsi, yana cikin waɗanda suka fara hawa wannan matakala. Na karanta lissafi a jami'a, kuma shi nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Agontinkon, shi ya sa babba da yaro ke ce mini Metir, wato malam da Faransanci. Lokacin ina ɗalibi na shiga ƙungiyar mawaƙan wata babbar majami'a kusa da Sainte-Rita, inda na koyi karanta waƙa a rubuce da rera ta da muryoyi huɗu. A can na fara jin abin da taron mutane ke iya yi idan kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita. Da mahaifina ya rasu na dawo ɗakinmu na saman albasa, na dawo da wannan jin a kunnena, kuma duk abin da na tarar da shi nake auna shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wata al'ada da muke kira waƙar baƙo. Bayan karatu, kafin wa'azi, Baba Fasto yakan cire tabarau ya duba jama'a ya ce, "Wa ya fi nisan gida a cikinmu yau?" Nan take sai gardama ta tashi. Na Damagaram ya ɗaga hannu, na Biu ya ce a zo a auna, wani ya ce shi daga Agadas yake amma a Maraɗi ya kwana. Muna da wata dattijuwa, shugabar zumuntar mata, mai sayar da tuwo a bakin tasha, wadda kowa ke kira Mama. A unguwar Agla take zaune, inda ruwa ke malale tituna, kuma duk damina sai ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ni ce. Wanda ya taso daga Agadas bai ratsa ruwan da na ratsa yau ba." Idan aka gama dariya aka tsayar da mutum ɗaya, sai ya miƙe ya ɗaga waƙar garinsu da karin garinsu, jama'a su bi shi yadda suka iya.

Yadda suka iya, nan ne matsalar. Baƙo yakan ɗauko waƙa daga saman da ba mai kaiwa, ko ya sauya kari a tsakiya, ko ya manta baiti ya koma farko. Ni kuma ina laluben muryarsa a kan piyano kamar mai neman mabuɗi cikin duhu. Sau da yawa kafin in same shi ya riga ya zauna. Na kai wa dattawa shawara cewa baƙon da ke da waƙa ya zo ranar Asabar ya koya wa ƙungiyar mawaƙa, mu gyara ta, mu gabatar da ita yadda ya kamata. Baba Fasto ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Metir, wanda ya kwana ƙarƙashin mota bai san Asabar ba. Da ƙyar ya gane Lahadi." Aka ce za a duba maganar. Ba a duba ba, ni kuma ban daina jin zafin abin ba.

Da aka rufe iyaka, masu wucewa suka zama mazauna. Motocin da aka yi wa lodi suka tsaya a filayen ajiya, direbobi suka ɗaura gidan sauro tsakanin tayoyi. Ɗakinmu ya cika fiye da yadda na taɓa gani. Muka bar famfon bayan gini a buɗe domin su yi wanka da wanki, mata kuma suka raba ranakun girki a tsakaninsu. A cikin waɗanda suka fara zuwa a lokacin akwai wani direba daga wani ƙauye da ke arewa da Maraɗi, dogo, mai furfura a gemu, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Kusa da ƙofa yake zama, hularsa a kan gwiwa. Bai taɓa shiga gardamar nisan gida ba. Ranar da wani ya nuna shi, sai ya girgiza kai ya ce, "Baba, a rufa mini asiri. Ni ba ni da murya. Muryar gidanmu tana gida." Mama ta ce, "To ka kira ta ta ara maka." Ya yi murmushi, aka wuce.

Wata ranar Alhamis da hantsi aka kira shi daga ƙauye aka ce matarsa ta rasu da asuba. Kafin la'asar an binne ta. Ko da zai bi ta kogin da ke iyakar ya ƙetare da kwalekwale, kamar yadda wasu ke yi, ba zai riski komai ba. Ga kuma mota cike da shinkafar mutane, amana a hannunsa, ba wanda zai bar wa. Baba Fasto ya je ya ɗauko shi a kan babur. Da na taso daga makaranta na tarar an shimfiɗa tabarmi a inuwar magaza. Alhaji ne da kansa ya ba da wurin, ya ce ba a karɓar gaisuwar mutuwa a saman bene kamar ana ɓoye ta. 'Yan albasa da mahauta da masu shayi suka riƙa zuwa suna durƙusawa suna cewa, "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ji ƙanta." Yana amsawa da murya guda, bai yi kuka ba. Mama ta ajiye masa kwano, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi.

Da yamma mutane suka ragu, na zauna kusa da shi. Ban iya gaisuwar mutuwa ba; kalmomin sukan fito mini kamar ina karanta su daga allo. Shi ne ya fara magana. Ya ce a garinsu, idan mace ta rasu, matan zumunta ne ke tsayawa a bakin ɗakinta su rera wata waƙa yayin da ake fito da ita, mijin kuma ya biyo a baya har ƙofar gida. Ba ta cikin littafin waƙoƙi; tsofaffin matansu ne suka yi ta. Ya faɗa mini farkonta, ba da kari ba, da magana kawai: na ajiye tuluna a bakin ƙofa, wanda ya aike ni rafi ya ce in dawo gida.

"An ce sun yi mata," in ji shi. "Na yarda sun yi. Amma ni ban ji ba, Metir. A wurina tana nan kwance a ɗaki, ba a fito da ita ba. Na rufe ido, tana nan. Ba zan iya tuƙa mota haka ba."

Na tambaye shi ko zai iya rera mini karin. Ya ce ba zai iya ba, abin kunya ne. Na ce masa kada ya damu, ranar Lahadi zai ji waƙarsa.

Na faɗi haka ne da wani irin farin ciki da har yanzu nake tuhuma. Na tausaya masa, wannan ba ni da shakka a kai. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu: karo na farko ke nan da waƙar baƙo ta zo mini kafin Lahadi. Na karɓi lambar ƙanensa, na roƙe shi ya je wurin shugabar matan ƙauyen ya naɗo muryarta a waya. Sai da ya hau babur ya je inda ake samun layi, amma ranar Juma'a da rana saƙon ya iso. Mata ne kamar biyar, ana jin kukan akuya a bayansu. Karin mai sauƙi ne, yana hawa a hankali a layi na biyu ya sauko a na uku, kuma yana da kyau irin wanda ba a koyarwa. Na saurare shi har na haddace, na rubuta shi, na raba shi muryoyi huɗu ba tare da na taɓa asalinsa ba.

Ranar Asabar na tara mawaƙa. Ban taɓa matsa musu kamar ranar ba. Layi na biyu dogo ne, kuma na nace sai an kai shi ƙarshe da numfashi guda, yadda matan ƙauyen suka yi. Mama, wadda ba ta cikin ƙungiyar amma ba ta taɓa fashin zuwa gyara mana ba, ta ce, "Metir, gawa za mu raka ko jarrabawa za mu zauna?" Na ce mata mutumin nan abu guda ya roƙa, kuma ba za mu ba shi rabinsa ba. Ta ce, "To, Allah ya sa mu ci." Muka maimaita har ya zauna.

Lahadi ɗakin ya cika har matakala. Bayan karatu Baba Fasto ya yi bayanin rashin a taƙaice, ya kira direban ya tsaya gaba. Na ba da alama, muka fara.

Ba na jin ƙungiyarmu ta taɓa rera wani abu da kyau kamar yadda ta yi a safiyar nan. Muryoyin sun haɗu, ba wanda ya riga wani. Layi na biyu ya tafi santal har ƙarshe. Na ga mata suna share hawaye da bakin zane, na ga wani direba ɗan Zuru ya sunkuyar da kai. Sai na dubi wanda aka yi dominsa. Yana tsaye, hula a hannu, ya ɗan karkata kai yana saurare, irin sauraron mutumin da ke tasha yana jiran a kira sunan garinsu ana ta kiran na wasu. Muka gama baiti uku, fuskarsa ba ta sauya ba.

Baba Fasto ya matsa kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, ita ce?"

"Ita ce, Baba. Na gode. Allah ya saka wa Metir da mawaƙa." Ya juya hular a hannunsa. "Ita ce. Sai dai ba ta ciki."

Ba wanda ya gane. Baba Fasto ya ce ya faɗi abin da ke ransa, nan gida ne.

Ya ce matarsa tana da fuka tun tana budurwa. Waƙar nan kullum tana bakinta, wajen daka, wajen shara, ba sai an yi mutuwa ba. Har yakan ce mata ta daina kira musu abin da bai zo ba. Amma ba ta taɓa iya kai layi na biyu ƙarshe ba. Idan ta ce wanda ya aike ni rafi, sai ta tsaya ta ja numfashi, ana jin ƙirjinta yana ƙara, sannan ta ƙarasa, a ƙasa da inda ta bari. Matan zumunta sukan tsokane ta su ce tulun ne ya yi mata nauyi. A majami'a sukan wuce su bar ta, ta riske su a gaba. A gida kuwa, inda ba mai wuce ta, haka waƙar take, kuma haka ya san ta tun aurensu.

"Ku kun yi ta daidai," in ji shi. "Yadda ake yi ke nan. Ni ne ban san ta daidai ba."

Zan faɗi abin da ya fara zuwa mini, domin ba abin alfahari ba ne kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Na ji kamar in ce masa ga saƙon nan a wayata, daga garinsu ya fito, ba ni na ƙirƙira ba. Na yi abin da ya roƙa, na yi shi ba aibu, kuma bai amfana masa komai ba. Ban san inda zan ajiye wannan ba. Duk iliminmu na Asabar an gina shi ne a kan toshe wannan gurbin da yake nema. Na dubi agogon bango. Akwai sauran wa'azi da sanarwa, azahar kuma ba ta jira.

Baba Fasto ya cire tabarau. Ya duba jama'a kamar kowace Lahadi, ya ce, "Wa ya fi nisan gida a cikinmu yau?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ko Mama ba ta ɗaga ba, alhali an kwana ana ruwa. Direban ya ce, "Baba, na gaya muku ba ni da murya."

"Ba murya na tambaya ba," in ji Baba Fasto. "Nisa na tambaya."

Ya fara. Gaskiya ya faɗa game da muryarsa: a dishe take, tana rawa, kuma ya ɗauko waƙar daga wani wuri da ke tsakanin maɓallai biyu na piyano, inda babu abin dannawa. Na zaɓi mafi kusa na bi shi a hankali. Ya kai layi na biyu, ya ce wanda ya aike ni rafi, ya tsaya. Na san zai tsaya. Yanzun nan ya gaya mana. Amma hannuna ya riga ya koyi waƙar daidai, sai ya danna sauti na gaba. Sautin ya faɗa cikin shirun shi kaɗai, ya yi ƙara kamar an yar da cokali a daɓe. Na ɗauke hannuwana na ɗora su a cinya. Shi bai ko waiwayo ba. Ya ja numfashi mai tsawo ta baki, kafaɗunsa suka ɗaga, sannan ya ƙarasa layin a ƙasa da inda ya bari.

A baiti na biyu mata suka shiga, Mama a gaba, sannan maza. Mawaƙana suka dube ni suna jiran alama. Ba ni da alamar da zan ba su, domin tsayawar ba ta da ƙidaya. A baitin farko ta yi tsawo, a na biyu ta fi haka. Ni da na saba ƙirga bugu a zuci na gwada, na ga ba ta bin lissafi. Tana bin ƙirjin mutum guda ne. Hanya ɗaya ce ta sanin lokacin shiga, ita ce a dube shi. Na duba ɗakin na ga kowa abin da yake yi ke nan: teloli da direbobi da 'yan mata, duk idanu a kan kafaɗun mutumin da yawancinmu ba mu san sunan ƙauyensa ba, ana jira su ɗaga su sauka. Cikin wannan shirun ana jin ƙarar baburan haya a titi, da muryar wani yana ciniki a ƙasa. Kafaɗun suka sauka, muka shiga tare, a ƙasa, a karkace, ba wanda ya riga wani.

Sai na lura a lokacin cewa tun da na dawo ɗakin nan ban taɓa kallon mai waƙar baƙo ba. Kunnena ne ke binsa, idona yana kan yatsuna.

Da aka shiga baiti na uku sai ya juya ya nufi ƙofa. Na zaci fita zai yi ya yi kuka inda ba a ganinsa. Amma tafiyar ba ta mai gudu ba ce. A hankali yake ɗaga ƙafa, ya bar tazara a gabansa kamar akwai masu ɗauke da kaya. Waɗanda ke kan matakala suka manne da bango suka ba shi hanya. Mama ce ta fara ganewa, ta bi shi, mata suka bi ta, muka sauka ɗaya bayan ɗaya muna rerawa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin sujadarmu ta sauko daga bene ba, kuma na tuna da sharaɗin gidan, na ji tsoron abin da za a ce.

Alhaji yana zaune a kan benci a ƙofar magaza, ya tuɓe takalmi, buta a gefensa. Ya dube mu, ya dubi direban da tazarar da ke gabansa. Bai tambayi kowa ba. Ya miƙe tsaye, yadda ake miƙewa idan za a wuce da gawa, waɗanda ke zaune tare da shi su ma suka miƙe. Muka tsaya a gindin matakala, ba mu taka titi ba. Aka kai tsayawar ƙarshe, aka jira shi, aka ƙarasa.

Direban ya tsaya yana kallon titi na ɗan lokaci. Sannan ya sa hularsa, ya juyo ya ce wa Baba Fasto, "Yanzu an fito da ita." Ya zauna a kan matakalar ƙarshe ya rufe fuska da hannuwa, Mama ta tsaya a gabansa ta kare shi da zanenta daga idon masu wucewa. Ranar ba a yi wa'azi ba. Baba Fasto ya sa albarka a nan tsaye, muka watse kafin ladan ya ɗaga murya. Da aka kawo abinci, direban ya ci.

Na sha komawa kan wannan rana, kuma ban kai ga hukunci mai tsabta ba. Ban yarda cewa abin da muka yi ranar Asabar banza ne ba. Da ba mu koyi waƙar ba, da ba mu iya bin sa ba, kuma da bai ji ta cikakkiya ba, wataƙila da bai gane abin da babu a cikinta ba. Har yanzu ina tara mawaƙa duk Asabar, har yanzu kuskure yana sosa mini kunne. Ban kuma san ko abin da muka rera na matar ne da gaske ba. Ta bakin mutumin da ba shi da murya ya iso mana, kuma mai yiwuwa rabin karkatar tasa ce. Abin da ban iya musantawa ba shi ne, an miƙa waƙa biyu a ɗaki guda a safiya guda, kuma na san wadda ta yi aikin da aka kawo ta ta yi. Ko Allah ya fi karɓar ɗaya a kan ɗaya, wannan ya fi ƙarfin sanina, kuma na lura a da ina magana kamar na sani.

Bayan wasu makonni mai motar ya shirya wa direban wata hanya mai nisa ta yamma. Kafin ya tafi ya zo yi mana sallama ranar Talata, ya tarar da Baba Fasto kaɗai, ya bar gaisuwa ga kowa. Bai sake zuwa Kwatano ba, ko kuma ya zo bai samu Lahadi ba.

Waƙar ta zauna a wurinmu. Muna rera ta duk lokacin da wani a cikinmu ya yi rashi a gida bai samu zuwa ba. Ba a kunna piyano. Wanda aka yi wa rashin ne ke tsayawa gaba, kuma a tsakiyar layi na biyu muna jiransa.